Sharhi kan kabad da gadon madaci bayan hunturu biyu

Shekara biyu ke nan da na ba wani kafinta a nan Kano aikin kabad na tufafi da gado, bayan mun je 'Yan Katako da ke Na'ibawa tare mun zaɓi madaci wanda ya bushe sosai. Da gangan na jinkirta wannan sharhi, domin ba a sanin ingancin aikin katako a garin nan sai hunturu da damina sun bi ta kansa.

Abin da muka fara saɓani a kai shi ne tsagin da ya yi wa ƙofofin kabad ɗin, wanda a ganina ado ne kawai da zai ƙara kuɗin aiki. Bai yi musu da ni ba. Ya ɗauko ƙofar da bai gama haɗawa ba, ya nuna mini cewa allon tsakiya babu ƙusa babu gam a jikinsa, an dai zura gefunansa cikin kwarmin da aka fafe a katakan da suka kewaye shi, aka bar masa ɗan sarari. Hujjarsa ita ce katako yana shan laima ya kumbura da damina, ya tsuke idan iskar hunturu ta busar da shi, kuma a faɗinsa yake wannan motsi, ba a tsawonsa ba, saboda haka idan aka ɗaure shi tam tsagewa zai yi. Siraran layukan da ya ja daidai mahaɗar alluna kuwa, inuwar da ke kwanciya a cikinsu ce take ɓoye ratar da kan buɗe, ido ya ɗauka ado ne.

Na ga gaskiyar maganarsa a watan Janairu, lokacin da wani siririn layi mai haske, wanda bai kai kaurin tsinken ashana ba, ya bayyana a gefen allon, wato wurin da fenti bai taɓa ba. Zuwa Agusta ya koma ciki ya ɓace. Har yau babu ƙofar da ta tsage ko ta ƙi rufuwa. Haka nan kwarmin da ya yi a ƙasan bakin kowace durowa, inda yatsu ke shiga a jawo ta, ya raba ni da sayen mariƙin da yara kan ɓalle.

Gadon ne ban ji daɗinsa ba, ko da yake maiɗakina ce ta zaɓi zanen, ni kuma na amince. An cika allon kansa da furanni da layuka masu zurfi da matsi, waɗanda ba su tare komai ba sai ƙura. Da hunturu, kwana biyu sun isa jan madacin ya koma toka-toka a cikin kowane lungu, tsumma ba ya kaiwa can, sai an bi shi layi-layi da tsohon buroshin haƙori. A nan ne kuma na kama kafintan da laifin gaggawa, domin samfefa ba ta shiga ƙasan tsagin ba, fenti kuma ya taru ya daskare a wasu kusurwoyin, har yatsa yana jin kaushinsa.

Duk da haka shi na sake ba aikin kantar littattafai a makon jiya, bisa sharaɗin cewa duk tsagin da zai yi ya zama mai faɗi marar zurfi, yadda yatsa da tsumma za su wuce ta cikinsa a shafa ɗaya.