Rigar Nordiques: shuɗiya na biya, mai launin zoɓo suka aiko min

Taurari biyu na ba shagon da ya sayar min da wannan riga, kuma har yanzu da nake wannan rubutu zuciyata na gaya min ɗaya ya kamata. Ba sai na faɗi sunan shagon ba. 'Yan uwa da ke nan Kanada kun san shi, shi ne wanda tallansa ba ya barin mutum ya sarara da zarar ya taɓa neman tsohuwar rigar hokin ƙanƙara a intanet. Kuɗin ma kun san ba na wasa ba ne, balle an ɗora masa na ɗinkin suna da lamba.

Ba don kaina na saya ba. Shekara takwas ke nan da muka baro Maraɗi muka zauna a unguwar Limoilou ta birnin Kebek, kuma tun hunturunmu na farko akwai wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon direban bas, da ya ɗauke mana wahalar dusar ƙanƙara. Kafin in idar da sallar asuba zan ji ƙarar injinsa a ƙofar gidanmu. Bai taɓa karɓar ko sisi ba. Iyakarta uwargida ta aika masa da dambu, ko kilishi in wani ya zo daga gida. Yarana Papi suke ce masa, shi ya koya wa babban ɗana tsayuwa a kan takalmin ƙanƙara. Da zai cika shekara 75 a watan Fabrairu na tambayi 'yarsa abin da zai faranta masa, ta ce yana da tsohuwar rigar Nordiques, ƙungiyar hokin ƙanƙara da birnin Kebek ya taɓa yi, mai lamba 26, da ruwa ya lalata lokacin da ya shiga musu ɗakin ƙasa, har yau yana zancenta.

Abin da na cika a shafinsu yana nan, na ajiye hotonsa: shuɗiyar riga, lamba 26, suna STASTNY, da harafin C na kyaftin a ƙirji. Farkon Janairu na biya, suka ce mako biyu. Sai da ta yi mako biyar, ta iso da la'asar ɗin ranar bikin. Da yake na biya kuɗin naɗi na kyauta, a naɗe ta zo da ƙyallenta, haka na ɗauke ta na tsallaka gidansa.

Falo cike da 'ya'ya da jikoki da tsofaffin abokan aikinsa. Ya warware takarda yana murmushi, ya ɗaga rigar, sai wurin ya yi tsit kamar ruwa ya cinye su. Farar riga ce. Tambarin dai na Nordiques ne, harafin n mai siffar ɗakin ƙanƙara da sanda da ɗan faifan roba, furannin tutar Kebek ma suna nan a gindinta, amma da ja mai duhu aka yi su, launin zoɓo sak. Nan take na san ba ita na biya ba. Sai dai girman ɓarnar bai bayyana gare ni ba sai da wani abokinsa ya furta kalma ɗaya a hankali: Kolorado.

Fari ba shi ne laifin ba, Nordiques ma farar riga suke sawa a gida a wancan zamani, amma furanninta shuɗaye ne. Wannan mai launin zoɓo, ƙungiyar Avalanche ta birnin Denver a jihar Kolorado ce ta fito da ita a kakar 2021, ta ɗauki tambarin Nordiques ta rina shi da launinta. Avalanche kuwa ita ce Nordiques ɗin da aka sayar aka kwashe zuwa Amurka a 1995. Wato na shiga gidan mutumin da ya yi min alheri shekara takwas, a gaban iyalinsa, na fama masa tsohon gyambo. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Dattijon kirki ne. Ya ninke ta, ya yi min godiya, ya jawo min kujera kusa da shi ya ce in zauna ya gaya min dalilin da ya sa kowa ya yi shiru. Sama da awa guda yana magana, abokansa suna cika masa inda ya tsallake.

A 1972 aka kafa ƙungiyar, a gasar WHA da ta taso tana gogayya da NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada. Kocinsu na farko Maurice Richard ne, gwarzon Montreyal, wasa biyu kacal ya yi ya ajiye aikin. A 1977 suka ci Kofin Avco na gasar WHA, suka doke Winnipeg Jets a wasa na bakwai, wato na raba gardama, kuma ya ce yana cikin filin Colisée a daren. Da WHA ta rushe a 1979, Kebek na cikin huɗun da NHL ta ɗauka, tare da Edmonton da Hartford da Winnipeg. Amma inda muryarsa ta canza shi ne da ya zo kan lamba 26. A watan Agustan 1980 Peter Stastny da ƙanensa Anton suka sulale daga tawagarsu da ta je wasa ƙasar Ostiriya, suka guje wa mulkin kwaminisanci na Chekoslobakiya, matar Peter tana da tsohon ciki, suka sauka a Kebek ba su jin Faransanci. Yayansu Marian ya biyo su a 1981. A kakarsa ta farko Peter ya tara maki 109, wato cin da ya yi da wanda ya taimaka aka yi, ya ci kyautar gwarzon sababbin 'yan wasa, kuma a wani dare na Fabrairun 1981 a Washington shi da Anton kowanne ya samu maki takwas a wasa ɗaya. A duk shekarun 1980 babu wanda ya fi shi tara maki in ban da Wayne Gretzky. Papi ya dube ni ya ce abin da ya sa garin ya riƙe Peter ba makin ba ne kawai, baƙo ne da ya zo ya koyi harshensu ya zauna da su. Na gane da ni ma yake, kuma hakan ya ƙara min nauyin abin da ke ninke a kan cinyarsa.

Sai gabar da ke tsakaninsu da Canadiens ta Montreyal, wadda ya ce tana raba wa da ƙane a gida ɗaya. Ɗan wasansu Dale Hunter ya fitar da Montreyal da ci a ƙarin lokaci a 1982. Ranar 20 ga Afrilun 1984 aka yi dambacewar da har yau ake kira da sunan Juma'ar Ista, 'yan wasan ɓangarorin biyu suka kwararo cikin fili har sau biyu. A 1985 Peter da kansa ya kori Montreyal a ƙarin lokacin wasa na bakwai. Da aka zo kan cin Alain Côté da alƙalin wasa Kerry Fraser ya soke a 1987, tsofaffin nan uku suka ɗaga murya lokaci guda suna rantsuwa cin halas ne, kamar jiya aka yi.

Daga nan komai ya lalace. Kakar 1989 zuwa 1990 wasa 12 kawai suka ci cikin 80, a cikinta aka sayar da Peter ga New Jersey. Papi ya ce duk da haka bai daina sayen tikiti ba. Zaman ƙarshen tebur ya ba su zaɓin farko na matasa shekara uku a jere: Mats Sundin a 1989, Owen Nolan a 1990, Eric Lindros a 1991. Lindros ya ƙi ko sa rigar a ranar da aka zaɓe shi, ya ce ba zai yi musu wasa ba. A 1992 suka miƙa shi ga Philadelphia suka karɓi tarin 'yan wasa, ciki har da Peter Forsberg, da dala miliyan 15. Ga Joe Sakic da ya sha wuyar shekarun nan tare da su ya zama kyaftin. A 1995 su ne na ɗaya a ɓangaren gabas, ko da yake New York Rangers ta fitar da su a zagayen farko. A watan Mayun nan aka sanar an sayar da ƙungiyar ga kamfanin COMSAT. Dalar Kanada ta faɗi, albashi da dalar Amurka ake biya, Kebek ce kasuwa mafi ƙanƙanta a gasar, filin Colisée ya tsufa, shugaban ƙungiyar Marcel Aubut da gwamnatin Jacques Parizeau kuma ba su daidaita kan tallafi da sabon fili ba. Shekara ɗaya bayan tafiyarsu, a Yunin 1996, Sakic da Forsberg da sauran yaran da garin ya yi rainonsu suka ɗaga Kofin Stanley na gasar NHL a matsayin Avalanche, da Patrick Roy, ɗan asalin Kebek, a raga. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan launin da suka ɗaga kofin da shi, shi aka naɗe min a takardar kyauta.

Washegari na rubuta wa shagon, da hoton odata da hoton abin da ya zo. Kwana huɗu shiru. Da suka amsa, cewa suka yi ai tambarin ɗaya ne, kuma Stastny mai lamba 26 ya yi wasa a Kolorado, don haka rigar daidai take. Wannan amsa ta fi kuskuren ƙona min rai. Wanda ya yi wasa a Kolorado Paul ne, ɗan Peter, kuma ya bar can tun 2014, shekaru kafin a ƙirƙiro wannan riga. Peter bai taɓa sa rigar Avalanche ba. Mutanen da sana'arsu ke nan, sayar da rigunan ƙungiyoyin da suka mutu, ba su iya bambance uba da ɗa ba, suna kuma so su koya min. Ko ma a ce sun yi gaskiya a kan sunan, ni shuɗiya na zaɓa, ga hoto.

Sai da na yi musu saƙo uku na kuma ce zan kai ƙara wurin bankina kafin suka yarda su canza, da sharaɗin in fara mayar da waccan da kuɗina, za su biya ni daga baya.

Tsakani da Allah, da ta biyun ta iso a ƙarshen Maris na huce sosai. Riga ce mai kyau. Yadin yana da nauyi, shuɗin shi ne na ainihi mai haske, ba mai duhu ba, tambarin ɗinkakke ne ba liƙi ba, furannin farare tas a gindi da kafaɗu. Papi ya shafa ta da hannu ya juya bayanta ya daɗe yana kallon lambar. Ya sa ta a kan rigar sanyinsa nan take, ta zauna masa daidai. A daren na buɗe shafinsu da niyyar in ba su taurari huɗu, na ce kuskure kowa na yi, tunda sun gyara a bar maganar.

Jikansa ne ya lura babu harafin C. Na koma na duba odata, yana nan, an kuma caje ni kuɗinsa daban. Peter Stastny ya riƙe kyaftin daga 1985 har ya bar garin a 1990, kuma tsohuwar rigar da ruwa ya ci tana da shi, shi ya sa na saka. Papi ya ce in bari, ba komai. Ni a wurina da komai, domin sau biyu ke nan ana karɓar kuɗina a kan abin da na rubuta ƙarara ana aiko min da wani abu. Bayan wanki biyu kuma, da ruwan sanyi kamar yadda takardar jikinta ta ce, harafin Y na ƙarshen sunan ya fara ɗagowa. Ashe tambarin kawai suka ɗinka, sunan liƙa shi aka yi da zafi, alhali kuɗin ɗinki na biya. Uwargida ce ta zauna da allura da farin zare ta bi haruffan bakwai ɗaya bayan ɗaya, ta yanko C daga wani ƙyalle ta ɗora. Da na ga tana wannan aiki da daddare sai duk abin ya dawo min sabo, shirun falon nan, da yadda dattijon ya ninke farar rigar yana min godiya don kada in ji kunya. Mako biyar na jira, ranar haihuwa ɗaya ce a shekara, kuma ba su taɓa cewa a yi haƙuri ba, ko sau ɗaya, a duk saƙonninsu.

Wanda zai saya a wurinsu, kada ya biya kuɗin naɗi, ya buɗe ya gani da idonsa tukuna, kuma ya tambaye su a rubuce ko sunan ɗinki ne ko liƙi. In tsohuwar ƙungiya ce da ta koma wani gari, ya faɗa musu launi da shekara, don Hartford Whalers ma Carolina Hurricanes ta sha fitowa da tambarinsu, ina jin irin wannan zai iya faruwa da wani.

Papi yana sa rigar. Mun je tare da shi da ɗana kallon Remparts, ƙungiyar matasa ta garin, a Centre Vidéotron, filin da aka buɗe a 2015 mai kujeru sama da 18,000 da fatan NHL za ta dawo, amma ta ba Las Vegas sabuwar ƙungiya a 2016 ta ce Kebek ta jira. Tsohon Colisée yana gefe a rufe, ya tsaya ya nuna wa yaron ƙofar da yake shiga. A cikin filin na ƙirga masu shuɗiyar rigar Nordiques har na gaji, wasu ba a ma haife su ba a 1995. Mutum biyu suka tsayar da shi suna yaba C ɗin da ke ƙirjinsa, ya ce musu maƙwabciyarsa ce ta ɗinka.

Kuɗin mayar da waccan rigar da na harafin C, wata na uku ke nan ina jira. Na sake rubuta musu ranar Litinin.