Kana Son Maƙeri Mai Ƙera Kayan Sihiri? Duba Littafin Kafin Ka Biya

A wasannin tebur na kwaikwayon jarumai, inda kowa ke ɗaukar matsayin wani a cikin labari bisa dokokin wani littafi, akwai ɗan wasan da ba ruwansa da zama boka ko matsafi. Shi dai a ba shi maƙeri ko baduku, mutumin da zai wuni gaban zugazugi ya fito da takobin sihiri da gumin jikinsa. In kai ne wannan, kada kyan bango ya ja ka, domin littattafan suna da tsada kuma dokokinsu sun sha bamban a wannan batu.

Mu fara da Dungeons & Dragons. Littafin Dungeon Master's Guide na 2014 ya rufe maka ƙofa, mai sihiri kaɗai ya yarda ya ƙera irin waɗannan kaya. Xanathar's Guide to Everything na 2017 ne ya buɗe ta. A can ana neman tsarin haɗa kayan, da iya aiki da kayan sana'ar da ta dace ko sanin ilimin sihiri, sai wani sinadari mai wuyar samu, galibi daga jikin dodo. Abu gama-gari yana cin mako 1 da zinari 50, na sama da shi mako 2 da zinari 200, mai wuyar samu mako 10 da zinari 2,000. Maganar sinadarin nan ce ta fi burge ni, don tana mai da ƙira ta zama farautar da dukan ƙungiya za ta fita tare. Matsalarsa ɗaya ce: komai yana hannun mai gudanar da wasa, wato wanda ke jan labarin. In bai sa tsarin haɗin a hanyarka ba, guduma za ta yi tsatsa.

Sabon Dungeon Master's Guide na 2024 yana neman ilimin sihiri da kayan sana'a duka biyu. Takobi mai ƙarin ƙarfi na matakin farko kwana 10 ne da zinari 200. Amma duk abin da ke jefa sihiri da kansa, kamar sandar ƙwallon wuta, sai wanda ya iya wannan sihirin.

Wasan Pathfinder bugu na farko, na 2009, yana da baiwar Master Craftsman (baiwa ita ce iyawa ta musamman da kake zaɓa wa jaruminka yayin da yake hawa mataki). Sai ka kai maki 5 a wata sana'a, wato mataki na 5, sannan ka ɗauke ta, kuma ita kaɗai ba ta ƙera komai, sai ka ƙara wata baiwar ta makamai da sulke ko ta kayan al'ajabi a mataki na 7. Alhali matsafi yana iya fara ƙera kayan al'ajabi tun mataki na 3. Zobe da sanduna da ruwan magani duk ba naka ba ne, kuma kowane sihirin da ka rasa yana ƙara 5 a lambar da sai ka kai in ka jefa ɗan lido kafin ƙirar ta yi nasara. Ladan shi ne rabin farashi kake biya, wanda ba ƙaramin abu ba ne a doguwar tafiya.

Da kuɗina ne, Pathfinder bugu na biyu zan saya, na 2019 ko gyararrensa Player Core na 2023. Baiwar Magical Crafting ba ta tambayar ko kai mai sihiri ne, ƙwarewa a sana'a kawai take nema, kuma nan take za ka samu tsarin haɗa kaya 4 na mataki na 2 ko ƙasa. Doka ce ta ba ka wannan, ba alfarmar kowa ba. Sai dai kada ka shiga da fatan riba: rabin kuɗi za ka zuba tun farko, ragowar ka biya ko ka rage shi da ƙarin kwanakin aiki, kuma ba ka ƙera abin da ya wuce matakinka. Takardar sihiri da sanda har yanzu sai wani ya zo ya jefa sihirin.

Dokokin Pathfinder suna nan kyauta a shafin Archives of Nethys, ka karanta su tukuna. Sannan ka tambayi mai gudanar da wasanku ko labarinsa yana da kwanakin hutu tsakanin tafiye-tafiye, domin in kullum ana kan hanya, ko kwana 10 na takobin nan ba za ka samu ba.