Shekara guda da Canon R50 a hannun mai koyo a Garwa

Ni tela ce, ɗinkin mata nake yi a Garwa, a arewacin Kamaru, kuma ɗinkin ne ya kai ni ga sayen kyamara. Sai in kwana uku ina fama da leshi ruwan toka, in ɗauke shi da waya in tura wa mai kaya, ta bugo ta ce ita ba shuɗi ta kawo ba. Ga kuma bukukuwa. A gidaje da yawa a nan, namiji mai hoto iyakarsa zaure ko tsakar gida, ba ya shiga ɗakin da ake yi wa amarya lalle, ba ya ganin mai jego ran suna. Duk abin da ya faru a can ciki, in ba waya ta kama shi cikin duhu ba, ya wuce ke nan. Na ga akwai aiki a wurin, na ga kuma babu mai yinsa.

Na yi wata shida ina adashe kafin kuɗin su haɗu. Wani ɗan Baffana da ke zirga-zirga tsakanin Duwala da Arewa shi ya taho mini da ita: Canon EOS R50, tare da gilashin gaba, wato lens, da ake haɗa ta da shi a kwali, mai lamba 18-45. A 2023 aka fitar da ita, kuma a Amurka kusan dala 800 aka sa mata a lokacin tare da gilashin. Kafin ta sauka jirgi, ta biya kwastan, ta hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, ta shiga mota zuwa Garwa, kowa ya san lissafin ya canza.

Ran da na buɗe kwalin, Goggona ta ɗaga ta da hannu ɗaya ta ce, "Ke 'yar nan, wannan 'yar mitsitsiyar ce ta cinye adashen?" Tana da gaskiya ta yi mamaki. Nauyinta giram 375 ne da batir da katin ajiye hotuna a ciki, ko rabin kwalin sukari bai kai ba. Dalilin ƙanƙantarta shi ne ba ta da madubi. Manyan kyamarorin da muka saba gani a wuyan masu hoton biki suna da madubi a ciki, shi ke karkato haske zuwa tagar da ake leƙawa, in an danna sai ya ɗaga ya koma, shi ne ƙarar nan da ake ji. Ita wannan haske kai tsaye yake faɗawa kan sensa, farantin da ke kama hoto, abin da kike gani a tagar leƙe kuma ɗan ƙaramin allo ne da ke nuna miki abin da sensar ke gani a lokacin.

Wannan tagar ita ce ta koya mini hoto, kuma saboda ita kaɗai zan iya ce wa mai koyo ya nemi marar madubi. Ga misali. Mu baƙaƙe ne, kuma muna son farar shadda da farin mayafi. Tsayar da mutum baƙi cikin farar shadda a ranar Garwa, ki bar kyamara ta yi wa kanta hukunci: sai ta ga fari ya yi yawa, ta rage haske, shadda ta fito tas, fuska ta koma inuwa, ido da hanci duk su haɗe. A satina na farko haka hotunan Baffa suka fito. Da na gano inda ake ƙara haske da hannu, sai ya zama ina murza ɗan dabaran ina kallon fuskarsa tana buɗewa a cikin tagar tun ban danna ba. In na ƙara da yawa, sai in ga aikin wuyan rigar ya fara ɓacewa cikin fari, in ja baya kaɗan. Ba wanda ya zaunar da ni ya karanta mini wannan. Idona ya gani, hannuna ya riƙe. Sannan da tsakar rana a nan, allon baya ba ya ganuwa sosai komai haskensa, dole sai an kafa ido a taga. Akwai 'yan uwanta na wasu kamfanoni, irin su Sony ZV-E10 da Nikon Z30, da aka yi su ba tagar leƙe saboda masu bidiyo. Ga mai ɗaukar hoto a ƙasar da rana ke dukan ƙasa haka, ni dai ba zan iya rabuwa da taga ba.

Abu na biyu da ya shiga raina shi ne yadda take kama ido. Da ta ga mutum sai ɗan akwati ya faɗa kan idonsa, ya bi shi duk inda ya juya. Ran sunan jaririn Addata, wato babbar 'yar uwata, yaran gidan suna ta tsalle-tsalle a tsakar gida, na ɗauki wata 'yar shekara uku tana gudu da alewa a hannu, kitsonta na lilo. Da na buɗe hoton na ƙara girmansa, har kwallin da ya zarce gefen idonta ana gani. Da waya sau goma zan ɗauka kafin ɗaya ya tsaya. Inda takan yi kokwanto shi ne in fuska ta rufu, kamar mai niƙabi ko mahayin da ya ja amawali har hanci. A nan sai in taɓa allon da yatsa in nuna mata wanda nake nufi, ta kuma riƙe shi. Allon yana buɗewa gefe, yana juyawa sama da ƙasa, don haka ina iya sauke kyamarar har kusa da tabarma in ɗauki hannun da ake zana wa lalle ba tare da na kwanta ba.

Ranar hawan sallah na gwada saurinta a gaban fadar Lamiɗo, lokacin da mahaya ke sakin dawakai a guje su zo su ja linzami gaban mai martaba, ƙura ta turnuƙe, kakaki na tashi. Tana ɗaukar hoto 12 a daƙiƙa guda, ko 15 in an sa ta a yanayin da ba ta yin ƙara. A cikin jerin da na ɗauka akwai ɗaya da doki ya ɗaga ƙafafun gaba biyu, mashin mahayin a sama, gefen alkyabbarsa a iska. Shi ne a bangon shagona yanzu. Sai dai a sani, in an zaɓi a ajiye hoto ɗanye, wanda ake kira RAW don gyara daga baya, nan da nan cikinta ke cika ta dakata ta juye a kati. Ga doki da yara, JPEG nake sawa, wato hoton da ta riga ta sarrafa mara nauyi, numfashinta ya fi tsawo.

To, yanzu ga inda nake so mai niyyar saye ya saurare ni da kyau, don a nan ne lissafina ya kuskure. Na ɗauka kuɗin kwali shi ne kuɗin kyamara. Ashe somin taɓi ne.

Gilashin 18-45 na ɗaukar hoto a fili ne, inda akwai haske. A kasuwa, a bakin kogin Binuwai, a tsakar gida da hantsi, ba ni da abin cewa a kansa, kuma yana da abin rage rawar hannu a cikinsa. Amma ƙofar haskensa ƙarama ce: 4.5 in an buɗe shi, 6.3 in an jawo abu kusa, kuma a lissafin gilashi, in lamba ta hau haske raguwa yake yi. Ni kuwa don ɗaki na saye ta. Ɗakin mai jego labule a sauke, ƙwan lantarki ɗaya, hayaƙin turaren wuta ya cika ko'ina. Hotunan da na ɗauka a ɗakin Adda ran nan sun fito da tsaki-tsaki kamar an watsa musu gero, wasu kuma hannu ya motsa sun yi dishi-dishi. Adda ta duba ta ce, "Ba komai ƙanwata, ai ana gane mu." Ni dai na kwana da abin a raina, don suna ba a maimaita shi.

Bayan wata biyu na sayi gilashin RF 50 mai ƙofa 1.8, wanda yana cikin mafi araha a gilasan wannan gidan. Tsakanin 1.8 da 6.3 hasken da ke shiga ya ninka fiye da sau 12. Ɗakin da ya gagare ni a da, yanzu hasken taga ɗaya ya ishe ni, bayan mutum kuma ya narke, jeren kwanukan kabet ya zama launi kawai, fuska ta fito ita kaɗai. Amaren da suka fara kirana da kuɗinsu, hoton wannan gilashin suka gani. Yana da nasa sharaɗin. Sensar R50 ƙarama ce, tana matse duk gilashin da aka ɗaura mata da ninki 1.6, don haka 50 yana zama kamar 80, wato yana ƙara jawo abu kusa. A ƙaramin ɗaki sai bayana ya manne da bango kafin mutum biyu su shiga hoto. Kuma shi ba shi da abin rage rawar hannu, jikin kyamarar ma ba shi da shi, don haka ba na barin saurin ɗauka ya sauka ƙasa da ɗaya bisa 160 na daƙiƙa, ina kuma matse gwiwar hannu a haƙarƙari in riƙe numfashi.

Sai maganar fitilar filash, wadda ita ma ban yi tambaya ba kafin in saya. Na samu wata tsohuwa da araha a hannun wani mai hoto da ya bar sana'a, na zo gida na zura ta a saman kyamara, shiru. Ashe mazaunin fitila na R50 sabon samfuri ne, ba shi da ƙusoshin ƙarfen nan da tsofaffin fitilu ke taɓawa, sai an sa adafta mai suna AD-E1 a tsakani. Ita kyamarar tana da 'yar fitilarta da ake ɗagawa da yatsa, tana fid da mutum kunya a kusa, amma haskenta a fuska yake faɗawa kai tsaye, ya sa hoda ta yi fari fat. Duk mai shirin aikin bikin dare ya sa adafta, ko fitilar da aka yi don sabon mazaunin, a cikin lissafinsa tun farko.

Batirinta ƙarami ne, LP-E17. Guda ɗaya ba ya kai ni daga kamu zuwa kai amarya, musamman in ina yawan leƙa taga, don tagar ta fi allon baya shan wuta. Biyu nake da su yanzu, ina neman na uku. Abin da ya taimake ni shi ne tana cajuwa ta USB-C, in dai cajar ko fawabank ɗin mai ƙarfi ne irin na PD, wato mai saurin caji. Ranar da aka ɗauke wuta tun asuba, a cikin jaka ta sha cajinta muna kan mashin zuwa gidan biki. Gurbin kati kuma ɗaya ne tak. Ma'ana, in kati ya lalace babu na biyu da ya kwafi aikin. Saboda haka ba na sayen kati a tire a bakin titi, kuma ba na barci ran biki sai na juye komai. Manhajar Camera Connect tana tura hoto zuwa waya ba tare da igiya ba, abin da ke sa ƙawayen amarya su samu nasu a WhatsApp tun ba a watse ba.

Ƙura kuwa, wanda bai zauna a Arewa ba ba zai gane ba. Ba a yi wa R50 toshiyar hana ƙura da ruwa irin ta manyan kyamarori ba, kuma da an cire gilashi ga sensa nan tsirara tana kallon mutum. A tsakiyar hunturu, wata yamma da hazo ya rufe gari har rana ta koma kamar farin faranti, na tsaya kusa da gadar Binuwai ina ɗaukar masu kwalekwale, na canza gilashi a tsaye a wurin, iska na kaɗawa. Da na dawo, kowane hoto yana da ɗigo uku baƙaƙe a sararin sama, wuri ɗaya ba sa gusawa. Gabana ya faɗi, na ɗauka na kashe ta. Wani dattijo mai gyaran kyamara ya duba ya ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki, ƙura ce. Kada dai ki kuskura ki hura da baki, kada ki sa gefen mayafi." Ya kifa ta ƙasa, ya matsa ɗan famfon iska na roba sau huɗu, biyu suka tafi, na ukun sai da ya sa tsinken goge sensa. Tun ran nan a ɗaki nake zaɓar gilashin da zan fita da shi, in kuma dole ta kama, cikin jaka nake canzawa, bakin kyamara na kallon ƙasa. In na dawo, buroshi mai laushi nake bi da shi duk wani lungu kafin in ajiye ta a roba mai murfi.

Zafi ma a yi masa tanadi. An ƙayyade mata aiki ne tsakanin digiri 0 zuwa 40, Garwa kuwa a Maris da Afrilu tana haura 40. A hoto ban ga ta damu ba. Bidiyon 4K, wato mai fitowa tar sosai, wanda take ɗauka da faɗin sensa gaba ɗaya kuma yana da kyau ƙwarai, shi ke ɗumama ta, don haka a bazara gajeru nake ɗauka, in kashe ta tsakani, ba na kuma barinta a rana ko cikin mota. Tana da ramin makirfo, ba ta da na abin saurare a kunne.

Wata maƙwabciyata ta tambaye ni ko ta sayi ƙanwarta R100 tunda ta fi sauƙin kuɗi. Megafiksel ɗinsu, wato yawan ɗigon da ke haɗa hoto, kusan ɗaya ne, 24, amma allon R100 a manne yake, ba ya juyawa, ba a taɓa shi da yatsa, kuma rabin abin da na koya da yatsa a kan allo na koye shi. Na ce mata in za ta iya ƙara haƙuri wata biyu, ta ƙara. Yayana kuma, mai manyan hannuwa, ya riƙe tawa ya ce ƙaramin yatsansa ba shi da wurin zama, dabara ɗaya kuma ta yi masa kaɗan. Shi ya saba da babbar kyamara, irinsa R10, yayar tawa a gidan Canon, ce ta dace da shi. A hannuna ni daidai take, ina wuni da ita a wuya ban ji ta ba.

Leshin nan ruwan toka yanzu ruwan toka yake fitowa. Ina rataye kaya a inuwar bishiyar dalbejiyar ƙofar shago wajen ƙarfe tara na safe, in nuna wa kyamara farar takarda don ta saita launi, in ɗauka da gilashin 50. Adashen da na shiga a watan jiya na gilashi mai faɗi ne da ke buɗe ƙofa sosai. Tun 2024 kamfanin Sigma ya fara yin 18-50 mai ƙofa 2.8 da ke hawa wannan kyamarar, shi nake hari, don ɗakin amarya ya ɗauke ta da ƙawayenta duka a hoto ɗaya ba tare da na fita bakin ƙofa ba.