Zaɓen gidan horon jiu-jitsu: abin dubawa kafin a biya kuɗin wata

A kokawar gargajiya, da an kai mutum ƙasa magana ta ƙare. A jiu-jitsu na Brazil kuwa daga nan ake farawa, ana neman shaƙe wuya ko lanƙwasa gaɓa har abokin karawa ya miƙa wuya. Wato wuyanka da gwiwarka za ka danƙa wa mutanen gidan da ka zaɓa. Ga shi kuma kusan duk gidan da ka leƙa za ka ji ana kushe na maƙwabta.

Wannan gaba gadonta aka yi. A da, a birnin Rio an daɗe ana zaman doya da manja tsakanin 'yan jiu-jitsu masu sa riga da 'yan luta livre masu kokawa ba riga. A 1988 Rickson Gracie na jiu-jitsu da Hugo Duarte na luta livre sun dambace a bakin teku, a 1997 kuma karawar Renzo Gracie da Eugenio Tadeu ta watse da jifa da kujeru. Malamin jiu-jitsu Carlson Gracie ne ya yaɗa kalmar "creonte", wato butulun da ya bar gidan malaminsa ya koma wani. Gidajen ma kan rabu biyu: ƙungiyar Alliance ta rabu a 2002, ƙungiyar koci John Danaher ta rabu a 2021 zuwa New Wave da B-Team. Don haka in koci ya ce maka waɗancan ba su iya komai ba, bincika ko tare suka tashi. Sau da yawa tsohon almajirinsa ne ya fita da rabin ɗalibai, kuma wannan rigimar ba taka ba ce.

Zaɓi na farko shi ne reshen babbar ƙungiya, irin Gracie Barra da aka kafa a 1986, ko Alliance ta 1993, ko Atos da Checkmat na 2008. Amfaninsu tsari: akwai manhaja, akwai ajin sababbi daban, in tafiya ta kama ka za ka iya shiga wani reshen. Amma tutar da ke ƙofa kuɗi ake biya a rataya ta, kuma zakaran da hotonsa ke bango wataƙila sau ɗaya a shekara yake zuwa, in ma yana zuwa. Tambayi wanda zai koyar da ajin da za ka riƙa halarta. Ka kuma sa kuɗin riga a lissafi, don Gracie Barra kan buƙaci a sa rigarta mai tambarinta.

Na biyu gidan 'yan gasa. Nan ake saurin gogewa, nan kuma aka fi samun targaɗe, domin sabon shiga kan zama abin gwaji ga masu shirin gasa. Kada tarin lambobin yabo ya ruɗe ka. A gasannin IBJJF, babbar ƙungiyar da ke shirya gasar jiu-jitsu a duniya, mutum biyu ake ba tagulla a kowane rukuni, kuma rukunan a rarrabe suke bisa nauyi da shekaru da launin bel, wato ɗamarar da ke nuna matakin ɗan wasa. Rukunin mutum uku ko huɗu, kowa na iya komawa gida da lamba. Sai ka tambayi wace gasa ce, mutum nawa aka doke. Wanda ke zuwa sau biyu a mako bayan tashi daga aiki, da wuya wannan gidan ya dace da shi.

Na uku ƙaramin gida mai cin gashin kansa. Ya fi araha, kocin ya san sunan kowa, amma babu wanda ke sa masa ido. Abin tambaya a nan shi ne wa ya ɗaura masa bel, a wace shekara. Jerin bel na manya shi ne fari, shuɗi, shunayya, ruwan ƙasa, baƙi, kuma yawanci sai an kai shekara goma kafin a samu baƙin. Mai gaskiya zai faɗi sunan malaminsa ba tare da kame-kame ba. A garin da wasan bai daɗe da shigowa ba, mai bel ɗin shunayya da ya faɗi matsayinsa kuma yake shiga ana murzawa da shi ya fi mai baƙin bel da ba a san asalinsa ba, wanda kullum yana gefe da uzurin ciwon baya.

Akwai kuma gidajen da ba sa sa riga sam, irin 10th Planet ta Eddie Bravo, masu bin salon gasar ADCC da aka fara a Abu Dhabi a 1998. Sun ƙware a murɗe diddige. Haɗarin wannan kamu shi ne jijiyar gwiwa kan tsinke kafin zafi ya yi gargaɗi, shi ya sa IBJJF ba ta halatta shi ba sai 2021, shi ma ga masu ruwan ƙasa da baƙin bel a kokawar da ba riga. Duba ko ana koya wa sababbi su kama su saki ba tare da fizga ba.

Ranar gwaji, je da wuri ka zauna ka kalla. Idan mutum ya bubbuga jikin abokinsa alamar sallamawa, nan take ake saki, ko sai an ƙara matsewa? Ana shiga bayi ba takalmi a dawo kan shimfiɗa? Ana goge ta da maganin kashe ƙwayoyin cuta bayan kowane aji? Ta nan makero da maruru ke yaɗuwa, da ta rigar da ba a wanke bayan kowane horo ba. Ƙirga masu shuɗi da shunayya: gidan da ya shekara biyar amma kusan kowa farin bel ne, mutane na shiga suna gudu.

Kafin ka sa hannu, nemi a rubuce tsawon yarjejeniya, yadda ake soke ta, ko ana dakatar da biya in ka ji rauni ko lokacin azumi, da ko ana cajin kuɗin ƙarin bel. Sannan ka tambayi koci kai tsaye ko za ka iya zuwa buɗaɗɗen horon wani gida ranar Asabar. In ya ɓata rai, fara da biyan wata ɗaya kawai.