Tsohuwar motar kwana a Maraɗi: wadda za ta kai ka aiki ran Litinin

Wani ƙanena malamin makaranta ya turo mini hoton wata Volkswagen shuɗiya da farin rufi, irin wadda samanta ke ɗagawa ya zama ɗakin kwana. Da muka haɗu bayan la'asar ya ce, "Yaya, irin wagga nika so. In riƙa gyaranta sannu-sannu ina zuwa aiki da ita, in hutu ya zo in kwashi iyali sai Damagaram." Na ce masa buri ya yi kyau, sai dai in an buɗe injinta ran Asabar aka tarar wani ƙarfe ya ci, a wane shago zai same shi kafin Litinin? Ya yi shiru. Mai tara tsofaffin motoci don sha'awa yana iya barin tasa a gareji wata shida ba ta dame shi ba. Wanda kuwa motar ita ce ƙafarsa, ita ke kai yara lakwal, ita ke zuwa cefane, da wannan tambaya ya kamata ya auna duk motar da dillali zai nuna masa.

Irin waɗannan motoci ba baƙi ba ne a ƙasar nan. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turawa sun riƙa keto hamada da tsofaffin motoci ta Tamanrasat, su shigo ta Asamaka da Arlit da Agadas, su sayar a nan su hau jirgi su koma gida. Daga baya sai tashar jiragen ruwan Kwatano ta zama babbar ƙofa. Saboda haka har yau kana iya yin kiciɓis da mota mai gado da ɗan murhu a kwance bayan wani gida a unguwar Zariya ko Sabon Gari nan Maraɗi, tayoyi sun nutse cikin rairayi, awaki na shan inuwa ƙarƙashinta. Iri huɗu ne dai aka fi samu: Volkswagen, Peugeot J5, Mercedes 207D da Toyota Hiace.

Mu fara da wadda ta ɗauki hankalin ƙanen nawa. Volkswagen T2, wadda aka fi sani da Kombi, an ƙera ta a Jamus daga 1967 zuwa 1979, Birazil kuma ta ci gaba da yinta har ƙarshen 2013. Ita ce uwar danfon Legas. Injinta na baya, ba ya shan ruwa, iska ce ke sanyaya shi, kuma wannan ne ke ruɗar mutane: sai su ce ai motar da ba ta da lagireto ba ta san zafi ba. Ta sani sarai. A watan Afrilu, lokacin da zafin Maraɗi ke haura 40, ɗan injin nan mai lita 1.6 yana jan gida guda a bayansa, kuma rayuwarsa ta rataya ga fanka ɗaya da bel ɗaya da wasu falankan ƙarfe da suka kewaye shi don su bi da iska inda ya kamata. Makanikan da ba su san ta ba sukan cire waɗannan ƙarafa su yar, wai suna tare musu hannu. Daga ranar injin ya fara dahuwa. Sannan tana son a canza mata mai a kuma daidaita bawul wajen kowace tafiyar kilomita 5,000, ga tsofaffin tiyon esansi da ke bi ta saman inji mai zafi, wanda shi ne sanadin gobarar da aka san wannan mota da ita. Sauƙin injinta gaskiya ne, mutum biyu da jak ɗaya suna sauke shi. Amma dattawan da suka ƙware a kanta sun ragu ƙwarai, kayanta kuma sai an aika Kano ko Legas, wani ma sai an yi odarsa ta intanet a jira makonni.

Ƙanwarta T3, mai kusurwoyi, wadda ta fito a 1979, ita na taɓa riƙewa, don haka zan ɗan daɗe a kanta. Na farko-farkonta ma iska ke sanyaya su, daga baya aka koma masu ruwa, akwai kuma ta gazuwal mai lita 1.6 wadda ba ta da gudu ko kaɗan. A mai ruwan, inji yana baya, lagireto yana gaba, dogayen bututu sun ratsa ƙarƙashin motar daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ruwan da ke yawo cikinsu ya fi lita 15. Duk wata mahaɗa a wannan hanya wurin yoyo ce, in kuma iska ta shiga ciki fitar da ita sai wanda ya iya. Injin na alminiyam ne, ba ya son ruwan rijiya. Yana bukatar ruwan sanyaya inji na kanti, in ba haka ba tsatsa ta cinye kusoshin da suka ɗaure kan inji. Tawa dai wanda ya sayar mini ya shekara yana ɗura mata ruwan famfo. Wata rana da azahar, mun wuce Gazawa kaɗan za mu Tasawa ɗaurin aure, sai na ga allurar zafi ta miƙe tsaye, farin hayaƙi mai ɗan zaƙin wari ya turnuƙe bayanmu. Surukata na zaune kan gadon baya da kwanon goro a cinya, ba ta ce uffan ba, kallon da ta yi mini ya isa. A kan igiya muka dawo gari. Motar ta yi kwana arba'in da wani abu a gareji tana jiran gasket, ni kuma ina biyan kabu-kabu safe da yamma. Ban tsane ta ba, har yau ban hau motar da ta kai ta daɗin tuƙi a kan hanya mai gargada ba. Amma ta wanda ke da babur ko wata motar a gefe ce.

Peugeot J5 kowa ya san ta, ita ce mai ɗaukar tumatir da albasa da buhunan tattasai a duk faɗin ƙasar Hausa. An fara ta a 1981, kuma mota ɗaya ce da Citroën C25 da Fiat Ducato na farko, tambari ne ya bambanta. Faransawa sun gina motocin kwana masu yawa a kanta, shi ya sa ake yawan samun wadda ta zo da kabad da teburi da gado. Ta fi sauran fili: tayoyin gaba ke ja, don haka daɓenta ƙasa-ƙasa ne kuma shimfiɗaɗɗe, mai dogon rufi kana tsayuwa cikinta ba ka sunkuya ba. Mai esansi mai lita 2 injinta dangin na 504 ne, wadda aka yi ta harhaɗawa a Kaduna shekara da shekaru, saboda haka da wuya ka rasa makanikin da ya san cikinsa a Maraɗi ko Katsina. Lagonta biyu ne. Robobin da suka rufe kardan, wato sandunan da ke juya tayoyin gaba, suna yagewa, yashi ya shiga, sai ka fara jin ƙas-ƙas a kwana. Sannan in ka loda bayanta ka shiga rairayi, gaba ya yi sauƙi, tayoyi su yi ta tono a wuri ɗaya. Wanda gidansa ke bakin kwalta ba ruwansa. Wanda sai ya keta yashin unguwa kullum ko yana shiga ƙauyukan bakin Gulbi da damina, ya yi tunani. Ka kuma girgiza sandar giya, in tana lilo kamar muciya a tukunya to akwai aiki a gabanka.

Mercedes 207D da 'yan'uwanta, waɗanda aka yi daga 1977 zuwa 1995, jakin dawa ne. Injin gazuwal mai lita 2.4, sarƙa ke juya shi, famfon mansa na ƙarfe ne zalla ba kwamfuta, gaba da baya duk a kan sifirin mai ganye take. Ba ta sauri, a hawa ma adaidaita na iya wuce ka, amma in nufinka Yamai ne, tafiyar da ta haura kilomita 600, ita ce za ta je ta dawo ba ta yi tari ba. Aibinta a gari ne: doguwa ce, sitiyarin yawancinsu sai da ƙarfin damtse, neman inda za a ajiye ta kusa da babbar kasuwa ran Juma'a azaba ne, kayanta na asali kuma akwai tsada.

Saura Hiace. Ba ta da kwarjinin Kombi, ba wanda zai tsayar da kai ya ɗauki hoto, amma ita nake ba ƙanena shawara, musamman samfurin da aka yi daga 1989 zuwa 2004. Dalilin yana tasha. Duk motar da ke jigilar fasinja zuwa Ɗan Isa da Dakwaro da Madarumfa kusan ita ce, don haka birki, famfon ruwa, gilashi, fitila, har inji sukutum na kwance, ana samunsu cikin yini ɗaya, yaron gareji ma ya haddace ta. Mai esansi, 1RZ ko 2RZ, sarƙa gare ta, ba ta da fitina. Masu gazuwal, 2L da 3L da 5L, sun fi tsimin mai amma bel ke juya su, kuma in ya tsinke ana cikin tafiya bawul da fistan ne za su yi karo. Ka canza shi ranar da ka saya, ko mai motar ya rantse jiya ya sa sabo. Injin yana ƙarƙashin kujerar gaba, da bazara za ka ji shi a jikinka. Babbar matsalar Hiace ita ce tarihinta. Yawancin waɗanda ake sayarwa sun gama bauta a tasha, an ɗora musu mutum goma sha tara da kayan da suka fi motar tsayi. Ka shiga ƙarƙashinta da tocila. In ka ga an ƙara ganyen sifirin, ko walda a jikin shasi kusa da tayoyin baya, ko ƙofar gefe na ratayawa, ka yi sallama ka tafi. Nemi wadda wata ma'aikata ko wani gida ya riƙe. Ka kuma kula da waɗanda suka zo daga Japan da sitiyari a dama aka juya shi nan. In juyin bai yi kyau ba, abin da za ka yi ta fama da shi ke nan.

Kayan kwanan da ke cikin motar kada su sa ka ƙara ko dala. Firijin da Turawa ke sawa a irin waɗannan motoci don yanayinsu aka yi shi, a zafinmu da ƙyar yake sanyaya ruwa. Na'urar ɗumama ɗaki ba ka bukatarta. Tantin rufi mai ɗagawa galibi rana ta riga ta cinye shi, bututun gas mai shekara talatin kuwa cire shi za a yi, ba gyara ba. Ya fi sauƙi ka sayi mota lafiyayya wadda cikinta fayau ne, kafintan unguwa ya yi maka benci mai buɗewa ya zama gado, a sa ragar sauro a tagogi, a shimfiɗa abin tare zafi a rufi, a ɗora faifan sola ɗaya da batir na biyu wanda ba ya haɗe da na tayar da mota, don kada fanka ta kwana tana juyawa ka wayi gari ana turi. Girki a waje za a yi shi, ƙarƙashin rumfar tampol a gefen mota.

Ranar dubawa ka je da sassafe ba tare da ka faɗi sa'a ba, ka ɗora hannu kan inji. In da ɗumi, an riga an tashe shi don kada ka ga yadda yake wahalar tashi. Dillali zai ce maka, "Alhaji, motag ga ba ta san gareji ba, wani Bature ne ya riƙe ta." Ka ce madalla, ka buɗe murfin mai ka duba ko ya yi fari-fari kamar an zuba madara, alamar ruwa na haɗuwa da mai. Shuɗin hayaƙi mai ne ke ƙonewa. Ka bi jikin motar da ɗan maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa an cike da mastik. Ƙasarmu busasshiya ce, tsatsa ba ta cin mota kamar a bakin teku, sai dai wadda ta taho da ita daga Turai ko ta daɗe a Kwatano, don haka ka ɗaga tabarmar ƙasa ka leƙa gindin gilashin gaba. Daga nan ka nemi a ba ka ita da ƙarfe biyun rana, ka miƙe hanyar Tibiri ka dawo, idonka na kan allurar zafi.

Takardu kuwa kafin kuɗi ne. Lambar da ke jikin shasi ta yi daidai da ta kartagiris, wato takardar rajistar motar, harafi da harafi, takardar duwan ta nuna an biya, sannan ka lissafa asurans da binyet (harajin mota na shekara) da bizit (gwajin lafiyar mota) cikin farashi. Motar da ta shekara goma a kwance sau da yawa takardunta sun fi injinta lalacewa, kuma mai lambar Najeriya da arha, sai ka je duwan za ka san ainihin kuɗinta.

In ta zama taka, ka raba gyaran gunduwa-gunduwa yadda kowane aiki zai fara Asabar ya ƙare Lahadi: birki da tayoyi tukuna, sai hanyar ruwa ko ta iska, sai wayoyin lantarki da ɓeraye da masu gyaran gaggawa suka yi wa kaca-kaca. Kada a kwance wani abu sai sabon yana hannunka. Sauke inji da akwatin giya ka bar su sai babban hutun lakwal, lokacin da yara ba sa bukatar a kai su ko'ina. Fenti shi ne na ƙarshe, kuma ban da lokacin hunturu, don ƙurar buji za ta manne a jikinsa tun bai bushe ba. Fari za ka zaɓa, ko aƙalla rufin ya zama fari.

Ƙanen nawa bai goge hoton Kombi daga wayarsa ba. Amma makon jiya ya kira ni ya ce an nuna masa wata Hiace mai esansi a unguwar Ali Ɗan Sofo, ta wani dattijo ce da ke kai iyalinsa gona da ita. Mun yi za mu je ganinta ran Asabar bayan sallar asuba, ya ce shi zai taho da tocila.