Kilinik ɗin layinmu a Aboabo: akwai jira, amma ba sa wasa da lafiyar mutum

Salamu alaikum 'yan uwa. Mutane da yawa a unguwa suna kushe ƙaramin kilinik ɗin nan na layinmu a Aboabo, Kumasi, wai rowar allura gare su, wai sai ka tsufa kan benci kafin ka ga dokta, shi ya sa na ce bari in faɗi nawa tunda gidanmu kaf nan muke zuwa, ni da yara da Mma mai fama da hawan jini.

Maganar jira gaskiya ce, ba zan kare su ba. Dokta ɗaya ne sai mataimakinsa, ranar Litinin in ba ka yi sammako ba azahar za ta same ka a wurin, kuma har yanzu foldar takarda suke amfani da ita.

Amma abin da yake ba mutane haushi shi ne ya sa ni na riƙe su. Ka kai yaro jiki zafi rau, ba za su ba ka maganin maleriya ba sai sun tsaga yatsa sun ɗiga jini a ɗan abin gwajin nan, minti 15 zuwa 20 sakamako ya fito. In ya nuna babu, to babu, ko za ka yi ta magiya. Kuma ba su suka ƙirƙiro ba, tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a ba da magani, Ghana Health Service ma a kan haka take. Mu dai mun saba duk zazzaɓi maleriya ne, sai a ruga shagon magani a sayo Coartem a haɗa da kafso, alhali zafin jikin yaro yana iya zama daga kunne ne ko maƙogwaro ko fitsari ko ma ƙirji, kana ta ɗura masa maganin maleriya ainihin ciwon yana can yana cin sa. Dokta nan sai ya leƙa kunne, ya sa a buɗe baki, ya saurari ƙirji, abin da ke cin lokacin ke nan.

Allura kuwa, wallahi ni gara da suke rowarta. In ta kama dole a gabanka nas take yage ledar sirinji, ta gama ta jefa cikin kwalin nan mai ruwan ɗorawa ba tare da ta mayar da murfi ba, safar hannu kuma ana canzawa daga mutum zuwa mutum, na sa ido sosai a kan wannan don ciwon hanta ya yi yawa a cikinmu kuma allurar da aka maimaita tana cikin hanyoyin ɗaukarsa. Bokitin Veronica, wato mai famfon nan na wanke hannu, yana bakin ƙofa har yau da ruwa da sabulu, wurare da yawa tun da korona ta lafa suka ɗauke nasu.

In ka shiga ka dubi bangon wajen karɓar kati, lasin ɗin HeFRA yana nan a manne da kwanan watan ƙarewarsa. Ita ce hukumar da dokar 2011 ta ba ikon duba asibitoci da ba su lasin a Ghana, kuma duk inda ka je ka ga ba su manna ba kana da haƙƙin tambaya. Firjin allurar rigakafi ma akwai takarda a jikinsa, safe da yamma ana rubuta sanyinsa don dole ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8, in dumso ya zo, wato an ɗauke wuta, a tada janareto. Ranar awo na tsaya na karanta takardar da idona.

Inda suka fi samun zuciyata shi ne wajen Mma. Ba sa ɗaura mata abin awon jini tana shigowa tana haki, sai ta zauna ta huta tukuna, kuma suna da babban maɗauri don hannunta da kauri, ƙarami yana sa lamba ta hau fiye da gaskiya. Nas ɗin da ke jin Hausa ta ce mata, "Mma Hajiya, duk abin da kike sha ki zuba a leda ki kawo, har na gargajiyan, ba faɗa za mu yi miki ba." Da ta kawo ne aka ga tana shan diclofenac kusan kullum saboda gwiwa, dokta ya zaunar da mu ya ce wannan yana tada hawan jini kuma yana wahalar da ƙoda, ya canza mata. Da ƙafarta ta fara kumburi ma ya yi bayani cewa amlodipine yana sa haka ga wasu, bai bar mu da tsoro ba.

Sun kuma san iyakarsu. Abin da ya fi ƙarfinsu ba sa riƙe ka don kuɗin gado, takarda za su rubuta su tura ka asibitin Manhyia ko Gee, wato babban asibitin Komfo Anokye. Sai dai ba su da motar asibiti, 112 za a kira ko a nemi tasi, kuma da dare ba dokta, kar wanda ya ɓata lokaci a nan in abu ya taso tsakar dare.

Yanzu abin da ba na so. Suna karɓar katin inshora, wanda nasa ya mutu ma za su nuna masa yadda zai sabunta ta *929# da momo, wato kuɗin waya, amma sau da yawa maganin da aka rubuta sai a ce babu, je ka saya a waje, wani gwajin lab kuma sai ka biya, ku riƙa karɓar rasit. Bayan gida wani lokaci ba ruwa, a asibiti wannan bai dace ba sam. Yawancin ma'aikatan Twi da Turanci suke yi, ranar da nas mai Hausa ba ta nan tsofaffi sai su yi ta gyaɗa kai su tafi da ambulan magani an rubuta 2x3 ba su san nufinsa ba, don Allah kar ku bar tsoho ya je shi kaɗai.

Babbar damuwata ita ce sirri. Teburin awo yana dab da bencin jira, kuma kun san zango, kowa ya san kowa, sai ka ji ana tambayar budurwa yaushe ta ga al'adarta ta ƙarshe maƙwabciyarta na zaune a gefe. Wannan kaɗai ya isa ya sa mace ta ɓoye abin da ya kamata dokta ya sani, ko ta ƙi dawowa. Na sami shugabar nas ɗin na faɗa mata, na ce Anti ko labule ne a sa, ta saurare ni da mutunci ta ce za a duba. Har zuwanmu na ƙarshe ba a sa ba, in na kai Mma wata mai zuwa insha Allah zan sake yi mata magana, kuma ku ma masu zuwa wurin ku riƙa faɗa.