Kwas ɗin koyon ƙaramar bindiga a Katsina: abin dubawa kafin a biya kuɗin fom

Duk wanda yake da dangi a Batsari ko Safana ko Jibiya, ko yake bin hanyar Ƙanƙara da Faskari don kasuwanci, ba sai an yi masa bayanin dalilin da ya sa mutane ke tambayar inda ake koyon harbi ba. Tun 2021, lokacin da Gwamna Aminu Bello Masari ya fito fili ya ce jama'a su tashi su kare kansu, maganar ta bar zaure ta shiga kasuwa. Inda kuwa aka sami tsoro da kuɗi a wuri guda, sai an sami mai talla. To idan talla ta iso wayarka, kwana biyu ko uku a koya maka fistol, wato ƙaramar bindigar hannu, a ba ka satifiket, ga ma'aunin da muke auna irin wannan hidima da shi, ga kuma hukuncinmu a kanta.

Mu fara da doka, don a nan yawancin tallar ke faɗuwa tun ba a je fili ba. Dokar makamai ta Najeriya, wadda asalinta na 1959 ne, ta kasa bindigogi gida uku. Fistol da libarba suna gida na farko, tare da bindigogin soja da masu sarrafa kansu, kuma sunan gidan ma haramtattun makamai. Lasisinsu a hannun Shugaban Ƙasa yake, ba Kwamishina ba, ba DPO ba. Gida na biyu shi ne na bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu da makamantanta, wannan Sufeto Janar na 'yan sanda ke da iko da shi. Na uku su ne waɗanda ake ɗurawa ta baki, wato bindigar toka da danginta, lasisinsu na Kwamishinan 'yan sandan jiha ne. Dokar ba ta tsaya a kan mallaka kaɗai ba, ta ambaci kasancewar bindiga a hannun mutum ko ƙarƙashin ikonsa, kuma hukuncin haramtacciyar bindiga ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne. Saboda haka wanda ya ce maka “ai tawa ce, riƙewa kawai za ka yi ka harba”, bai fitar da kai daga komai ba. Ya ma tura ka ciki ne.

Haka nan a lura da masu fakewa da sunan kamfanin gadi. Dokar kamfanonin gadi ta 1986 ta hana ma'aikatansu ɗaukar bindiga a bakin aiki, kuma hukumar Sibil Difens ce ke sa musu ido. Kamfanin da doka ba ta yarda mai gadinsa ya riƙe bindiga ba, ta ina zai sami hurumin koya wa ɗan kasuwa fistol? Satifiket ɗin waje ma haka yake. Mutum na iya zuwa Dubai ko Afirka ta Kudu ya yi harbi a filin da dokarsu ta amince da shi, ya dawo da takarda mai hatimi, amma takardar ba lasisi ba ce a Katsina ko Daura. Bidiyoyin Amurka da matasa ke kallo a YouTube kuwa a kan dokar Amurka aka gina su.

Hukuncinmu a kan kwas ɗin fistol na farar hula ke nan: kada a biya, kada a je kallo. Muna faɗa da zafi ne don wanda ya je da niyyar kare iyalinsa na iya ƙarewa a gidan yari, iyalin su rasa mai karewar gaba ɗaya, ga sunansa da lambar wayarsa a hannun mutanen da bai san da wa suke hulɗa ba.

Akwai dai horon da ya halatta. Gwamnatin jiha ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a watan Oktoba na 2023 ƙarƙashin Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa, kashin farko sama da mutum dubu, bayan an tantance su an horar da su. Mai son aikin tsaro da gaske, wannan ƙofa ce, haka shiga ɗan sanda ko soja ko Sibil Difens. Sai kuma mai bindigar farauta da lasisinta a hannu, wanda ke neman a koya masa riƙe ta ba tare da ya kashe ɗansa bisa kuskure ba. Shi ne ya fi bukatar ma'auni, don shi ne zai zaɓi malami da kansa. Matakinsa na farko ya je hedikwatar 'yan sandan jiha da ƙafarsa ya tambayi matsayin lasisinsa da na malamin, kada ya dogara da hoton takarda a WhatsApp.

Malamin kirki ana gane shi a rabin sa'ar farko. Ba ya fara da harbi. Zai ɗauki bindiga ya buɗe ta a gabanka, ya leƙa ciki, ya sa yatsa ya taɓa, sannan ya miƙo maka ita a buɗe bakinta na kallon ƙasa, ya kuma ce kai ma ka sake dubawa ko da ka ga ya duba. Zai maimaita ƙa'idoji huɗu har su gundure ka: kowace bindiga a ɗauke ta a matsayin mai harsashi, kada bakinta ya kalli abin da ba ka yi niyyar harbi ba, yatsa ya tsaya a miƙe a gefe nesa da kunama har sai lokacin harbi, kuma ka san abin da kake auna da abin da ke bayansa. Idan ka ga malami na magana yana nuni da bakin bindiga kamar mai nuni da sanda, ko ya bar ɗalibai suna hoto da ita a kafaɗar juna, ka ɗauki takalmanka. Yawan ɗalibai ma abin dubawa ne. A lokacin da ake harbi, malami ɗaya bai kamata ya tsare fiye da mutum biyu ko uku na sababbin hannu ba, kuma dole a sami mutum guda da kowa ya san muryarsa ce ke tsayar da wuta.

Fili shi ne abu na gaba, kuma nan ake yawan sakaci. Bayan gari ba filin harbi ba ne don kawai ba ka hango kowa ba. Harsashin ƙaramar bindiga na iya tafiya fiye da kilomita ɗaya, a tazarar nan kuwa akwai makiyayi, akwai yarinya mai ɗebo itace. Filin kirki yana da tudun ƙasa mai kauri da tsayi a bayan abin da ake auna, ƙasa mai laushi wadda aka tsince duwatsunta. Dutse da ƙarfe da saman ruwa duk suna sa harsashi ya yi tsalle ya canza hanya, shi ya sa kafa kwalba a kan fako ko jingina tsohon faranti a jikin dutse ganganci ne. Ƙarar harbi tana haura ma'aunin desibel 140, kuma ko sau ɗaya na iya barin mutum da ƙugin kunne na dindindin. Kwas ɗin da bai tanadi abin toshe kunne da tabarau mai kauri ga kowa ba, har da 'yan kallo, bai san aikinsa ba. Auduga ba ta wadatar.

Sai a saurari yadda yake bayanin abin da ke lalacewa, don a nan ake bambance gwani da mai baki. Idan aka ja kunama bindiga ba ta tashi ba, ba a juyo ta a leƙa. Ana barin bakinta a saitin tudun nan, a ƙirga daƙiƙa 30, don wani harsashin yakan yi jinkirin kamawa, musamman wanda ya sha danshin damina. Idan ƙarar ta fito a raunane ba kamar yadda aka saba ba, a tsaya, a buɗe, a duba bututun, mai yiwuwa wani abu ya maƙale a ciki, harbi na biyu a kansa yana fasa ƙarfen a hannun mutum. Bindigar da aka jingine a lungu wata da watanni, zanzaro na iya gina ɗakinsa na laka a cikin bakinta, daga waje ba a gani, kuma wannan ɗan gini ya isa ya tsaga ta. Harsashi mai lamba 20, wanda ya fi na lamba 12 siriri, idan ya shiga bindigar farauta mai lamba 12, zamewa yake ya tsaya a tsakiya, mai ita ya ɗauka ba komai ya ƙara wani a baya. A bindigar toka kuma, ɗura albarushi sau biyu bisa mantuwa ya raba mafarauta da yawa da yatsunsu. Bindiga mai gidan harsashi da ake cirewa tana da nata tarkon: cire gidan ba ya fitar da harsashin da ya riga ya hau, kuma “ai na cire” ita ce kalmar da ake yawan ji bayan an yi ɓarna.

Ajiya a gida darasi ne mai zaman kansa. Bindiga a akwati mai kwaɗo, ba harsashi a cikinta, harsashi a wani wurin daban shi ma a kulle, makulli a jikin mai gida. Ƙarƙashin katifa da saman sif duk yara sun san su.

Kwas ɗin da ya cancanci kuɗi dole ya ware lokaci ga dokar kare kai, kuma gara lauya ya yi bayanin. Dokar Final Kod, wato dokar hukunta laifuffuka, ta amince mutum ya kare ransa da dukiyarsa da na wani, amma da iyaka: ba a wuce gwargwadon abin da kariyar ke bukata, ba a bin wanda ya riga ya gudu don ramuwa, kuma babu wannan haƙƙin inda akwai sararin neman hukuma. Malamin da ya ce “harbe kawai, mu za mu san yadda za a yi”, ba zai tsaya kusa da kai a gaban alƙali ba.

Abin da muka fi ba wa maki, wanda kuma kowa zai iya koya ba lasisi, shi ne tsayar da jini. Ƙungiyar Red Cross tana koyar da taimakon gaggawa, kuma kuɗin da za a kai wa mai tallar fistol ya fi amfani a nan. Rauni a cinya ko damtse na iya ƙarar da mutum cikin 'yan mintuna. Ana danne wurin da ƙarfi da tsumma mai tsabta, idan ramin mai zurfi ne a cusa bandeji a ci gaba da dannewa. Idan jinin na tsartuwa daga hannu ko ƙafa, a ɗaura maɗauri mai faɗi a tazarar santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ba a kan gwiwa ba, a murɗa har jinin ya tsaya, a rubuta lokacin a jikin mutumin, kada a sassauta a hanya. Igiya siririya ko waya yanka nama suke. Ba a zuba toka ko ƙasa ko garin magani. Tun 2017 akwai dokar da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, asibitin ne zai sanar da su daga baya. Don haka a tambayi malami tun kafin a fara: ina jakar taimakon gaggawa, wace mota ce a tsaye da mai a cikinta, kuma minti nawa ne daga filin nan zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko asibiti mafi kusa mai ɗakin tiyata.